Kunun Yaye: Yadda Ake Sarrafa Gero Don Jikin Yaro Ya Amfana da Ƙarfen da Ke Cikinsa

A ƙasar Daura, daga Zango zuwa Baure, daga Sandamu zuwa Mai'adua, abincin da yaro ke fara ɗanɗana bayan nonon uwa kunun gero ne. Gero kuwa yana cikin hatsin da suka fi sinadarin ƙarfe da zinki, ya fi farar shinkafa da masara nesa ba kusa ba. Duk da haka, binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna yara 68 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya suna da ƙarancin jini, kuma kusan yara shida cikin goma a Jihar Katsina sun tsumbure. Talauci da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da nasu kason, amma akwai kason da ke hannun mai dama kunu.

A aikinmu na wayar da kan iyaye mata kan abincin yara, kuskure iri biyu muke ta cin karo da su. Wata za ta surfe gero har ya yi fari tas, ta markaɗa, ta tace da ƙyalle mai laushi, ta zubar da dusar, ta dama ruwa-ruwa. Wata kuma ta ji a rediyo ko a WhatsApp cewa amfanin hatsi yana cikin dusarsa, sai ta haɗa gero da waken suya da gyaɗa yadda suke, ta kai inji, ta dama wa yaro nan take. Ta farko ta zubar da ƙarfen, ta biyu ta bar shi a ɗaure. Sababbin ma'aikatan lafiya ma sukan koyar da ɗaya daga cikin biyun. Shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa aikin daki-daki, uwargida, tare da dalilin kowane mataki.

Abin da ke faruwa a cikin hanji

Ƙarfe shi ne ke gina jini, zinki na taimakon girma da garkuwar jiki, kalsiyam kuma ƙashi da haƙori. Yawancinsu ana tsotse su ne a ƙaramin hanji, wato inda abinci ke shiga idan ya fito daga tumbi, kuma hanji ba ya ɗaukar su sai sun narke a ruwa.

A cikin dusar hatsi da idon ƙwaya da 'ya'yan wake akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko faiba, wato sashen tsiro da cikin mutum ba ya narkarwa. Shi ne ke sa bayan gida ya fita cikin sauƙi. Wani nau'insa, idan ya isa babban hanji, ƙwayoyin halitta masu amfani na cinye shi su fitar da ɗan tsami, wannan tsamin ma yana taimaka wa jiki ya ƙara tsotse kalsiyam a can. Shi kansa faiba ba ya tare ƙarfe sosai.

Na biyu shi ne faitet, wanda ke zaune wuri ɗaya da faiba. Ƙwayar gero kamar rumbu take: ta tara ƙarfe da zinki da sauran ma'adinai domin tsiron da zai fito, ta kulle da faitet, ba za ta buɗe ba sai ta ji ruwa. Idan aka ci ta a kulle, faitet na kama ƙarfe da zinki da kalsiyam a cikin hanji, ya dunƙule da su, su fice a bayan gida. Saniya da akuya suna da ƙwayoyin halitta a tumbinsu masu warware shi. Ɗan Adam ba shi da wannan gatan.

Masana sun daɗe da gano haka. A Ingila, a 1942, Robert McCance da Elsie Widdowson sun nuna masu cin burodin alkama mai dusa ba sa tsotse kalsiyam kamar masu cin fari, har gwamnati ta sa a riƙa ƙara alli a fulawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1961 Dokta Ananda Prasad ya ba da labarin samarin ƙauyukan Iran da suka tsumbure ba su balaga ba, abincinsu gurasar alkama mai dusa wadda ba a bari ta tashi ba, daga baya aka tabbatar ƙarancin zinki ne. A Suwidin kuma, a 1989, Leif Hallberg da abokan aikinsa sun zuba faitet a burodi: mafi ƙanƙantar adadin da suka gwada ya rage tsotsar ƙarfe da kashi 18 cikin 100, mafi yawa ya rage kashi 82.

Abin daɗin shi ne ƙwayar tana ɗauke da sinadarin da ke warware faitet, ana kiransa faitas. Abu uku ke tayar da shi: danshi, ɗumi da tsami. Jiƙo da tsiro da tsimi ke nan, ayyukan da iyayenmu mata ke yi tun fil azal wajen gasara da kunun zaƙi da daddawa.

Kayan da za ki tanada

- Gero mai kyau, gwangwani 6
- Wake ko waken suya, gwangwani 3
- Gyaɗa, gwangwani 1
- Ƙwarya ko roba mai murfi, da faifai, da matankaɗi
- Buhun algarara ko zane mai tsabta, da tabarma ko babban tire
- Turmi da taɓarya
- Tafasasshen ruwa da aka bari ya huce
- Man gyaɗa ko manja
- Garin busasshen kifi, ko hanta, ko ƙwai
- Lemun zaƙi, gwaiba, gwanda, mangwaro ko garin 'ya'yan kuka, gwargwadon abin da lokaci ya kawo

Wannan awo na 6 da 3 da 1 shi ne na garin da asibitoci ke koyarwa da sunan Tom Brown. Bambancin namu yana wajen sarrafawa, domin suya kaɗai tana ba gari ƙamshi amma ba ta rage faitet yadda ake so.

Mataki na 1: Zaɓe da tsincewa

Sheƙe geron, ki rege tsakuwa, ki wanke. Duk ƙwayar da ta taso saman ruwa a kwashe, ba za ta tsira ba, ruɓewa za ta yi ta ɓata sauran. Geron da ya shekara biyu a rumbu ko wanda ƙwari suka huda ba ya tsirowa da kyau. Wanda aka yi wa feshin maganin shuka, mai launin ja ko shuɗi, guba ne, kada ya kusanci tukunya.

Gyaɗa ta fi komai buƙatar ido. Ki tsince duk wadda ta yamutse, ta yi baƙi, ko ta yi hunhuna. Hunhunar gyaɗa da masara na fitar da gubar da ke lalata hanta kuma tana da hannu a tsumburewar yara, wuta ba ta kashe ta.

Idan maigida manomi ne, ya tambayi malaman gona irin gero mai yawan ƙarfe. A Nijar an fitar da wanda ake kira Chakti a 2018, aikin cibiyar ICRISAT da cibiyar binciken noma ta ƙasar.

Mataki na 2: Jiƙo

Kada ki surfe geron kafin jiƙo. Surfe na fasa idon ƙwaya, wanda ba shi da ido kuwa ba ya tsira. Zuba shi a ruwa mai tsabta wanda ya sha kansa da kyau, ya kwana, awa 8 zuwa 12. A bazara, lokacin da zafin Daura ke haura digiri 40, ki canja ruwan sau ɗaya a tsakiya don kada ya yi wari. Da safe ki tsame, ki ɗauraye, ki zubar da ruwan jiƙon.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne ɗaukar jiƙo a matsayin ƙarshen aiki. Jiƙa ƙwaya sukutum ɗinta kaɗan yake ragewa daga faitet. Amfaninsa shi ne ya farkar da ƙwayar. Idan kuma ya wuce yini da kwana, ƙwayar na shaƙewa ta mutu.

Mataki na 3: Tsiro

Jiƙa buhun algarara, ki matse, ki shimfiɗa a inuwa cikin ɗaki mai iska. Baza geron a kai, kaurinsa kada ya wuce yatsa biyu, ki rufe da wani jiƙaƙƙen zane. Safe da yamma ki yayyafa ruwa ki juya da hannu mai tsabta. Danshi ake so, ba tafki ba. A bazara kwana biyu ya isa, a hunturu yakan kai uku. Da zarar farin tsiro ya kai tsawon ƙwayar ko ya ɗan fi, ki dakatar.

A kwanakin nan ne faitas ke ƙaruwa yana kwance ƙarfe da zinki. Wani sinadarin ma na tasowa mai narkar da sitaci ya mai da shi zaƙi, shi ne dalilin da masu kunun zaƙi ke zuba tsiron shinkafa. A Tanzaniya garin tsiro sunansa kimea, kuma an daɗe ana koyar da iyaye mata amfani da shi a kunun yara.

Gargaɗi biyu. Idan kika ga baƙi-baƙi ko kore-kore, ko kika ji warin ruɓa, zubar da shi duka, kada ki tsince. Sannan ki yi hattara da dawa. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa na kashe akuya, domin ɗanyen tsironta na ɗauke da gubar sayanayid. Ga yaro ƙarami, ki tsaya a gero. Idan dole sai dawa, sai an murje tsiro da saiwa gaba ɗaya an sheƙe, an kuma dafa sosai. Dawa mai duhun launi da ɗaci-ɗaci tana da wani abin kuma mai kama ƙarfe, irin wanda ke cikin ganyen shayi, don haka fara ta fi.

Mataki na 4: Shanya da ɗan surfe

Baza tsiron a tabarma ko tire a rana, sama da ƙasa inda kaji da ƙura ba za su kai ba, ki rufe da yadi marar kauri. Sai ya bushe ƙayau, idan kin ciza ya ce ƙas. Kada ki soya shi don sauri. Wuta na kashe sinadaran da kika sha wahalar tayarwa, kuma akwai sauran aikin da za su yi a mataki na 6.

Idan ya bushe, murje shi tsakanin tafukanki, saiwoyin su karye, ki bakace. Daga nan ki ɗan taɓa shi a turmi sama-sama, ki cire ƙaiƙayi da ɓawon waje kawai. A nan ne da yawa ke neman gira su rasa ido: yawan surfe na tafiya da faitet, amma yana tafiya da kaso mai yawa na ƙarfe da zinki tare, domin wuri ɗaya suke zaune. Geron ya riƙe launinsa na toka-toka.

Mataki na 5: Wake da gyaɗa

Jiƙa wake, ki cire ɓawonsa kamar za ki yi alala, ki shanya, sannan ki soya sama-sama har ya yi ƙamshi. Ɓawon wake faiba ne mai tauri, yana cika cikin yaro. Waken suya kuwa sai an jiƙa shi ya kwana, an cire ɓawo, an tafasa minti 20 zuwa 30 kafin a shanya a soya, domin ɗanyensa na hana jiki narkar da abinci mai gina jiki. Gyaɗa a soya, a murje jan ɓawon.

Haɗa gero da wake ki kai inji, a niƙa da laushi, ki tankaɗe. Tsakin da ya rage a matankaɗi a sake daka shi sau ɗaya, abin da ya ƙi wucewa a ba dabbobi. Gyaɗa a niƙa ta daban a ajiye a kwalba. Garin gero ba ya jure ajiya, man da ke cikinsa na sa shi ɗaci, don haka ki niƙa na mako biyu kawai, ki rufe a mazubi busasshe.

Mataki na 6: Tsimi

Wannan ne matakin da ya fi kowanne rage faitet, kuma shi aka fi tsallakewa. Da daddare ki ɗebi garin da yaro zai sha gobe, ki kwaɓa da tafasasshen ruwan da ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, kaurin ƙullun ƙosai. Zuba cokali ɗaya na ruwan tsamin gasara ko na ƙullun jiya, ki rufe, ki ajiye wuri mai ɗumi awa 12 zuwa 24.

Tunda an niƙa, ruwa na ratsa ko'ina, faitas ɗin geron na kaiwa har ga faitet ɗin wake. Ƙwayoyin da ke sa tsami suna kawo nasu taimakon, tsamin kuma na sa ƙarfe ya narke, yana kuma takura ƙwayoyin cutar gudawa. Ruwan zafi mai ƙuna na kashe wannan aiki, ruwan randa mai sanyi na jinkirta shi. Ƙamshin da ake nema irin na koko ne. Idan ya yi yauƙi ko warin ruɓa, ya lalace.

Kada ki cika ruwa har ya kwanta a sama ki tsiyaye. Wasu ma'adinai da bitamin sun riga sun narke a cikinsa, da shi za a dafa.

Mataki na 7: Dahuwa da kauri

Mun saba sheƙa tafasasshen ruwa a kan gasara mu juya, shi ke nan koko ya yi. Ga yaro wannan bai isa ba, balle da wake a ciki. Ɗora tukunya, zuba ƙullun a ruwa mai tafasa, ki yi ta juyawa a wuta kaɗan minti 10 zuwa 15. Zuba cokali ɗaya na niƙaƙƙiyar gyaɗa da ƙaramin cokali na mai.

Za ki lura kunun tsiro ba ya ɗaurewa kamar na gero zalla. Wannan dama ce ki ƙara gari, ba ruwa ba. Cikin yaro ɗan wata shida zuwa takwas bai fi ɗaukar ƙaramin kofi ɗaya a zama guda ba, wajen mililita 200. Idan ruwa ya cika shi, abinci ba shi da wuri. Gwajin kauri shi ne ki ɗebo a cokali ki karkata: ya tsaya ya sauko a hankali, kada ya zuba kamar shayi. Da cokali da kofi ake ba yaro, ban da bulumboti, ban da ɗura.

Mataki na 8: Abin da ake ƙarawa bayan an sauke

Yaro ɗan wata 7 zuwa 12 yana buƙatar ƙarfe miligiram 11 a rana, alhali mahaifinsa 8 ya ishe shi. Hatsi kaɗai, ko da an sarrafa shi yadda ya kamata, ba zai cika wannan ba, sai an tallafa masa da abu biyu.

Na farko bitamin C, wanda ke riƙe ƙarfe a narke har hanji ya ɗauka, ko da akwai sauran faitet. Idan kunu ya huce daidai sha, matsa lemun zaƙi, ko ki dama ƙaramin cokali na garin 'ya'yan kuka, ko ki ba yaro markaɗaɗɗiyar gwanda ko mangwaro a zama ɗaya da kunun. Zafi na lalata wannan bitamin, don haka ba a zuba shi a tukunya. Tsamiya na da tsami mai amfani, amma bitamin C ɗinta kaɗan ne, ba ta maye gurbin lemo.

Na biyu abin da ya fito daga dabba. Ƙarfen nama da hanta da kifi wani iri ne da faitet ba ya kamawa, kuma yana jawo na hatsi ya shiga tare da shi. Ƙananan kifin da masunta ke kamowa a madatsun ruwan Sabke da Daberam, idan aka busar aka daka da ƙayarsu aka tankaɗe, suna ba da ƙarfe da zinki da kalsiyam. A zuba ƙaramin cokali tun kunu na wuta. Hanta dafaffiya kamar girman ɗan yatsa, sau ɗaya a mako, ta wadatar. Zogale na da bitamin masu yawa, a ci gaba da sa shi, sai dai ƙarfensa ba ya shiga jiki da sauƙi kamar yadda ake yayatawa. Nonon shanu na da kalsiyam amma ƙarfensa kaɗan ne, don haka fura da nono ba ta isa ta zama abincin yaye ita kaɗai, kuma nonon da za a ba yaro ya zama an dafa shi kafin a tsima.

Ban da zuma ga yaron da bai shekara ba, tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jiki. Sukari da gishiri ma ba ya buƙatarsu, tsiro ya riga ya ba kunun zaƙi. Kunun da ya wuce awa biyu a ajiye sai an sake tafasa shi.

Abubuwan da ke rushe aikin

Shayi ne na gaba. Ganyensa, baƙi ko kore irin na ataya, na iya rage ƙarfen da jiki zai samu daga abinci da fiye da rabi idan aka sha tare. Yaro ba shi da abin yi da shayi. Babba ya ba da tazarar awa ɗaya zuwa biyu bayan cin abinci, haka ma goro da kofi. Mai ciki da aka ba ƙwayar ƙarin jini a wajen awo ta sha da ruwa ko lemo, kada ta kora da shayi ko madara.

Sai kanwa. Aikinta kishiyar na tsami ne: tana sa ƙarfe ya ƙi narkewa, tana kuma lalata wasu bitamin. Waken da aka jiƙa ya kwana yana nuna da wuri ba sai da ita ba. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego, saboda gishirin da ke cikinta. Mai jego da ta zubar da jini wajen haihuwa ta fi buƙatar kunun tsamiya ko wannan na tsiro, da nama da ganye.

Manya kuwa kada su ji wannan bayani su guji dusa. Magidanci mai cin abinci iri-iri yana buƙatar faiba don hanjinsa, da kariya daga ciwon sukari da basir. Tuwon geron da ba a cika surfawa ba, da miyar kuka mai daddawa da ɗan kifi, abinci ne mai kyau. Waɗanda za a fi kula da su su ne yara daga wata shida zuwa shekara biyu, da 'yan mata masu tasowa, da masu ciki da masu shayarwa.

Yaushe ake farawa, yaushe ake zuwa asibiti

Wata shida na farko nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ƙarawa. Daga nan kunu sau biyu zuwa uku a rana har wata takwas, sau uku zuwa huɗu daga wata tara, nono kuma na ci gaba har shekara biyu. Idan kika ga tafin hannun yaro da cikin fatar idonsa sun yi fari, ko yana cin ƙasa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko nauyinsa ya tsaya a katin awo, kunu ba zai yi maganin wannan ba. Kai shi asibiti a duba jini, a duba zazzaɓi da tsutsar ciki da sikila.

'Yar'uwa, aikin nan ba ya cin kuɗi, 'yan kwanaki yake ci, kuma garin da aka samu na kai mako biyu. Idan duka matakan sun yi miki yawa a farko, fara da biyu: ki tsima ƙullu ya kwana, ki matsa lemo bayan an sauke. Wadda ta iya kuma ta koya wa maƙwabciyarta, a kuma yi bayanin a wajen awo da taron suna da makarantun Islamiyya na matan aure. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.